Waiwaye: Yadda Aka Raba Aya da Hashiyarta

Har yanzu ƙura ba ta lafa ba tsakanin masu rubuta ƙagaggun labaran tarihi a Ingila da Amurka da masu karanta su. Abin da ake ja a kai shi ne, idan tauraron labarinka ya rayu shekara 300 ko 400 da suka wuce, ya kuma tashi jawo aya daga Littafi Mai Tsarki, wace fassara za ka sa masa a baki? Wasu sun ce a ɗauko fassarar Sarki James, tunda ita kunne ya sani da harshen mutanen da, ga shi kuma in ba a Birtaniya ba, ba wanda zai bi ka kuɗin haƙƙin mallaka. Wasu sun ce mai karatu na yau ba zai iya da tsohon Turanci ba, a ba shi sabuwar fassara kowa ya huta. Akwai kuma masu bin diddigi, waɗanda ba sa raga wa marubucin da ya sa wa mutumin zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya kalmomin da ba a buga ba sai shekara 8 bayan rasuwarta.

Da yawa sun ɗauka cewa rigimar ta taso ne da zuwan intanet, lokacin da aka ɗauki hoton tsofaffin littattafai aka zuba, kowa ya samu damar kama marubuci da kuskure. Intanet dai ta tona abin ne kawai. Tushensa ya haura shekara 200, kuma a ganina masu gardamar sun zuba ido a kan aya sun manta da gefen shafi.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kai ba. William Tyndale ya buga Sabon Alkawari da Turanci a birnin Worms na Jamus a 1526, aka kashe shi a 1536. A 1560 'yan gudun hijirar Furotesta suka fitar da tasu cikakkiyar fassara a Janeba, wadda ita ce ta fara raba dukan Baibul na Turanci aya-aya da lamba. Katolika suka buga nasu Sabon Alkawari a Rheims ta Faransa a 1582, Tsohon Alkawari kuma a Douai a 1609 da 1610. Ta Sarki James ta fito a 1611, amma ba ta kori ta Janeba nan take ba, domin an ci gaba da buga waccan har 1644, kuma daga cikinta aka tsamo kusan dukan ayoyin ɗan littafin aljihu da aka buga wa sojojin majalisa a 1643, lokacin yaƙin basasar Ingila. Wannan jerin shekarun duk marubucin da ya san aikinsa ya haddace shi.

Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, yaya shafin yake idan mutumin ya buɗe? Wanda ya taɓa zama a zauren malam zai gane da wuri. Ɗalibin da ke karatun Jalalaini da hashiyar Sawi ba matani kaɗai yake sha ba, har da abin da aka rubuta kewaye da shi, kuma bayan shekaru ba lalle ya iya tuna wanne ne matani wanne ne sharhi ba. Haka Baibul na Janeba yake. Gefensa cike yake da bayani. A Fitowa sura ta 1, inda unguwarzoman Ibraniyawa suka ƙi bin umarnin Fir'auna na kashe jarirai maza, hashiyar ta ce ƙin biyayyar nan halal ne, ko da yake ƙaryar da suka yi ba ta da kyau. To ka ɗauki manomin da ya tashi da wannan shafi, ka ajiye shi a 1642, ana neman ya zaɓa tsakanin sarki da majalisa. Marubucin da ya ba shi aya tsura ya zubar da rabin abin da ke kansa.

Ita ma ta Sarki James ba fili take ba, duk da cewa an gindaya wa masu fassarar kada su yi sharhi sai bayanin kalmomin Ibraniyanci da Helenanci. Kowace sura tana da taƙaitaccen bayani a kanta, kuma wannan bayani fassara ce a fakaice: kanun surorin Waƙar Waƙoƙi suna gaya wa mai karatu cewa ƙaunar Almasihu da ikkilisiya ake nufi, ba ta saurayi da budurwa ba. Tsakanin Tsohon Alkawari da Sabo akwai littattafan Afokirifa, wato wasu tsofaffin littattafan Yahudawa da Katolika ke ɗaukar mafi yawansu a matsayin nassi, Furotesta kuwa ba sa ɗaukar su hurarru. Daga 1701 aka fara sa shekarun da Babban Bishop James Ussher ya lissafa a gefen shafi, ta yadda wanda ya buɗe Farawa zai ga shekara 4004 kafin haihuwar Almasihu a kusa da labarin halitta, kamar wani ɓangare ne na nassin. An ma yi ta buga matanin Sarki James da hashiyar Janeba a gefe har farkon ƙarni na 18. Sai kuma manyan littattafan sharhi na gida, irin na Matthew Henry, da na John Brown na 1778, da na Thomas Scott da aka riƙa sayarwa mako-mako daga 1788 zuwa 1792, waɗanda maigida ke karanta wa iyali da yamma.

Yanzu ga mararrabar da aka fi tsallakewa. Ranar 7 ga Maris 1804 aka yi taro a Landan, aka kafa ƙungiyar yaɗa Baibul ta Birtaniya da ƙasashen waje. Buƙatar ta gaske ce. A Wels littafin ya yi ƙaranci har ana ba da labarin wata yarinya, Mary Jones, da ta taka kimanin kilomita 40 zuwa garin Bala a 1800 don ta sayi kwafi guda bayan ta yi shekaru tana tara kuɗi. Waɗanda suka taru ba ɗarika ɗaya ba ne. Akwai 'yan Angilikan, akwai waɗanda suka fice daga cocin gwamnati irin su Baptis da Kwaka. Sun yarda da matani ɗaya, amma da za a ce a rubuta layi guda na bayani a ƙarƙashin ayar baftisma, ko ta jibin Ubangiji, ko ta ikon bishop, da taron ya watse kafin la'asar. Mafitar da suka samu ita ce doka guda: za a buga littafin ba hashiya, ba sharhi.

Ba na ganin laifin kowa a nan. Dabara ce ta mutanen da ke son aiki ya tafi. Ta kuma zo daidai da wata sabuwar hanyar ɗab'i, inda ake zuba shafi guda a farantin ƙarfe a ajiye, a yi ta bugawa ba sai an sake jera haruffa ba. Shafin da ba hashiya ya fi sauƙin zubawa, ya fi cin takarda kaɗan, ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka a jirgin ruwa. Da aka kafa irin wannan ƙungiya a Amurka a 1816, ita ma dokar da ta ɗauka ke nan.

Sai batun Afokirifa ya taso. A nahiyar Turai, mabiya Luther da Katolika ba su saba da Baibul ɗin da babu waɗannan littattafai ba, don haka kuɗin Landan ya riƙa shiga bugun da ke ɗauke da su. Masu ba da gudummawa na Edinbara da Gilasgo suka ce ba za su zuba kuɗinsu a abin da ba su ɗauka hurarre ba. Aka yi shekaru ana musayar ƙasidu masu zafi, har a 1826 aka yanke cewa ba za a ƙara kashe kuɗin ƙungiyar a kan Afokirifa ba. Maɗaba'u suka bi kasuwa. Kafin jikokin waɗanda suka yi taron Landan su girma, abin da talakan Furotesta ya sani da sunan Baibul ya zama littattafai 66, ƙaramin bugu, gefe fari fat.

Littattafan sharhi ba su mutu ba, har gobe ana buga na Henry. Sai dai sun koma wani abu daban da ake saye daban, kayan fasto da ɗalibi. Hoton da ya zauna a zukata shi ne na mutum shi kaɗai da aya ita kaɗai, kuma da wannan hoton marubucin yau ke waiwayen ƙarni na 17. Yakan sauke fassarar Sarki James a wayarsa ya ce ya samu ta 1611. Abin da ya samu a zahiri matanin da Benjamin Blayney ya daidaita a Oxford a 1769 ne, an gyara rubutun kalmomi da alamomin tsayawa, sannan daga baya aka cire Afokirifa, aka share gefe.

Asarar tana da yawa. John Bunyan, wani mai wa'azi kuma marubuci na Ingila a ƙarni na 17, ya ba da labari da kansa cewa wata aya ta faɗo masa a rai ta kwantar masa da hankali, ya fi shekara yana neman ta bai gani ba, daga ƙarshe ya same ta a littafin Sirak cikin Afokirifa. Sunayen Judith da Susanna, waɗanda Shakespeare ya raɗa wa 'ya'yansa mata, sunayen matan waɗannan littattafai ne. Ɗan Angilikan na 1700 kuwa idan zai karanta Zabura a coci, ba ta Sarki James ce a bakinsa ba, ta Miles Coverdale ce da ke cikin littafin addu'a na 1662. Hatta addu'ar Ubangiji, a coci gafarar laifuffuka yake roƙo, alhali Matiyu na Sarki James basussuka ya ce.

Su ma littattafan sharhin suna da nasu tarkon, domin kowanne da shekarunsa. Henry ya rasu a 1714 yana ƙarshen Ayyukan Manzanni, wasu fastoci ne suka ƙarasa daga Romawa zuwa Wahayi, saboda haka ba duk abin da ke ɗauke da sunansa ne maganarsa ba. Koyarwar fyauce masu bi, wato cewa za a ɗauke su zuwa sama kafin ƙunci mai girma na ƙarshen zamani, ta bazu ne daga shekarun 1830, ta samu gindin zama da hashiyar Baibul ɗin Scofield na 1909. A sa ta a bakin mai wa'azin 1750, daidai yake da a rataya masa agogon hannu. Wani lokaci ma ba sharhi ne matsalar ba, matanin ne aka yanke: a 1807 an buga wa bayin tsibiran Karebiyan zaɓaɓɓun sassa a Landan, babu labarin fitar Isra'ilawa daga bautar Masar a ciki.

Maganar ta shafe mu ta wata kafa, domin wannan ƙungiya ta Landan ce ta buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Kafin nan James Frederick Schön, wani ɗan mishan Bajamushe, wanda ya ƙara gogewa a Hausa ta wajen Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai, ya fara fitar da sassa tun shekarun 1850, ya kammala Sabon Alkawari a 1880. Likita Walter Miller, da ya zauna a Zariya daga 1905, shi ne ƙashin bayan aikin 1932. Sabuwar fassarar da ta biyo baya sai wajen 1980 ta shiga hannun jama'a, kuma lafazinsu ba ɗaya ba ne. Tsohuwar takan ce Yesu Kristi da rai na har abada, inda ta bayan ta ce Yesu Almasihu da rai madawwami. Marubucin Hausa da ya kafa labarinsa a Wusasa a shekarun 1930 ya sa wa dattijuwa lafazin baya, tsofaffin coci za su ji a kunnensu tun kafin su gama layin.

Shafin da ya iso Zariya kuwa irin na bayan 1804 ne, ba tafsiri a gefe. Bayanin yana bakin mai bishara da ke tsaye gaban jama'a, yana cikin waƙoƙin da ake rerawa, yana kuma cikin abin da mai sauraro ya zo da shi daga gida. Bazazzagin da aka karanta wa labarin Yusufu daga Farawa a karon farko ba baƙon labari ya ji ba. Ya riga ya san rijiyar, ya san rigar da aka shafa wa jini, ya san shanu bakwai na mafarkin sarki, tun yana yaro a wajen tafsirin azumi. Yana ji yana kwatantawa, yana lura da inda aka ambaci sunan Fotifa da inda ba a kawo zancen matan da suka yanke hannuwansu ba.