Mazubin abinci mai ninkuwa na maikirowef

Mazubi mai ninkuwa shi ne kwali, jaka ko ƙunshin takarda da ake yankawa daga falle ɗaya, a ninke shi, a zuba abinci a kai kanti, mai saye kuma ya jefa shi cikin maikirowef ba tare da ya juye a kwano ba. Ana son ya kwanta shafal a ma'ajiya da cikin mota don kada ya ci wuri, ana kuma son ya ɗauki siffar da za ta sa abinci ya dahu bai ɗaya. Buƙatun nan biyu ba sa jituwa, domin ninki yana haifar da kusurwa, maikirowef kuwa kusurwa yake fara ƙonawa.

Abin da ke hana dahuwa daidai

Percy Spencer, injiniya a kamfanin Raytheon na Amurka, shi ya gano dafa abinci da gajerun igiyoyin rediyo, waɗanda maikirowef ke aiki da su, a 1945. Na'urorin gida suna aiki a kan gigahaz 2.45, tsawon igiyar kuwa ya ɗan haura santimita 12. Igiyoyin suna bugun bangon ƙarfe su dawo su haɗu da masu zuwa, sai a sami wuri mai zafi da wuri mai sanyi a jere, tsakanin mai zafi da mai zafi kimanin santimita 6. Faifan gilashi mai juyawa yana rage wannan matsala, amma bai kawar da ita ba.

Maganar da ake yawan yi cewa maikirowef daga ciki yake dafawa zuwa waje ba haka take ba. A yawancin abinci igiyoyin ba sa kutsawa fiye da santimita 1 zuwa 2, tsakiya kuwa sai zafi ya ratso a hankali. Kusurwar tire mai lungu huɗu tana shan igiya ta sama, ta ƙasa, da ta gefe biyu, shi ya sa miya ke tafasa har ta bushe a lungu alhali tsakiya da sauran sanyi. Daskararren abinci ya fi ba da wahala: ƙanƙara ba ta shan igiyoyin sosai, ruwa kuwa yana sha, don haka wurin da ya fara narkewa shi zai ci gaba da kwashe zafin. Gishiri ma yana tsare zafi a bayan abinci.

Siffa da ninki

Da'ira ta fi kowace siffa dacewa, zobe mai rami a tsakiya ya ma fi ta. Sai dai ba a ninke kwali ya zama da'ira. Abin da masu zane ke yi shi ne kusantar ta: su ƙara yawan gefuna zuwa shida ko takwas, su karkatar da bango ya buɗe ta sama, su rage zurfi don abinci ya baje da kauri ɗaya. A lungu ba a yanka takardar, tattare ta ake yi ta koma kamar kunne, don kada romo ya sami hanyar yoyo.

Wannan dabara ta girmi maikirowef. A 1894 Frederick Weeks Wilcox ya yi rajistar wani bokitin takarda na falle ɗaya a Amurka, wanda daga baya gidajen abincin Sinawa na can suka mayar da shi nasu. Idan aka warware shi yakan baje ya zama faranti, abin da ya dace da ɗumame. Aibinsa ɗaya, marikin waya, wanda kan yi tartsatsi, har aka koma yin wasu da gam ba waya.

Akwai kuma ninkin da mai saye ne ke yin sa. Kwalayen fiza da dama ana juya su ko a lanƙwasa murfinsu ya zama ɗan dandamali. Ɗaga abinci daga daɓe yana kai shi inda igiyoyi suka fi ƙarfi, yana kuma hana gilashi tsotse zafin ƙasansa.

Takardar gashi

Maikirowef ba ya gasa abu ya yi ja, saboda iskar cikinsa ba ta yin zafi kuma danshi yana taruwa a bayan abinci, burodi ya yi laushi kamar an jiƙa. Maganin shi ne takardar gashi, wadda masana'antu ke kira sasefta: ledar PET da aka fesa wa alminiyam siriri ƙwarai, aka manna ta a kan takarda. Tsabar siranta ya sa ƙarfen ba ya mayar da igiyoyin duka, shan wani kaso yake yi ya yi zafi har kusan digiri 200 a ma'aunin Salsiyas, ya zama ƙaramar tanda. William Brastad na kamfanin General Mills ya sami rajistar irin wannan ƙunshi a 1981.

Jakar gugguru ita ce misalin da ya fi nuna gwanintar aikin. Kamfanin Golden Valley na jihar Minnesota a Amurka ya fito da guggurun maikirowef mai suna Act II a 1984. Jakar tana zuwa a ninke uku, masara da daskararren mai suna kwance a kason tsakiya, daidai kan takardar gashi. Dalilin rubuta wane gefe ne sama ke nan. Mai ya narke, ƙwayoyi su fara fashewa idan zafi ya kai wajen digiri 180, tururi ya buɗe tattarar gefuna, jaka ta kumbura. Gangarar bangon tana mirgino ƙwayoyin da ba su fashe ba zuwa wuri mai zafi, waɗanda suka fashe su yi sama. Bakin jakar kuma da gangan ake manna shi sako-sako, don ya ɗan buɗe tururi ya fita. Wanda ya kifa ta zai tarar da ƙwayoyi da yawa ba su fashe ba.

Alminiyam mai kauri akasin haka yake yi, kare abinci yake daga igiyoyi. Akan tsara shi gutsi-gutsi a gefen tire don lungu ya huta, zafi ya karkata tsakiya. Aikin na son kula, domin tsinin ƙarfe, ko guntaye biyu da ninki ya kusanta da juna, kan haifar da tartsatsi.

Kayan haɗi da lafiya

Swanson, kamfanin daskararren abinci na Amurka wanda ya shahara da tiren alminiyam tun shekarun 1950, ya koma na roba mai shiga maikirowef a 1986. Yau an fi amfani da kwali mai rufin leda, da robar PP mai lamba 5, da nau'in PET mai jure zafin tanderu. Farin mazubi mai kamar soso da ake zuba shinkafa a ciki ba na ɗumame ba ne, mai mai zafi kan narkar da shi.

An daɗe ana shafa wa takardun gugguru sinadaran PFAS don hana maiƙo ratsawa, ga shi ba sa ruɓewa a jiki ko a ƙasa. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sanar cewa an daina sayar da su don ƙunshin abinci a ƙasar. Ita ma takardar gashi tana da wuyar sake sarrafawa, tunda takarda, leda da ƙarfe ne manne da juna. A 2024 ɗin ne kamfanin Nestlé ya cire ta daga Hot Pockets, wani daskararren burodi mai haɗi a ciki, bayan shekaru da dama ana zura abincin cikinta kafin a ɗumama.