"Nonchalant" ba ta nufin mai sakaci

Duba takardar sakamakon jarrabawar yara a Zariya, ko wasiƙar jan kunne da ake ba ma'aikaci, da wuya ka rasa "nonchalant attitude". Malami na nufin yaron malalaci ne, ba ya mai da hankali. Mun daɗe a kan haka, har ta zama kamar zagi.

A wurin masu harshen, kalmar ba ta kai nan ba. Turanci ya aro ta daga Faransanci a ƙarni na 18, tushenta kuma kalmar Latin ce mai nufin ɗumi. Wato wanda bai ɗau zafi ba, hankalinsa kwance, fuskarsa ba alamar damuwa. Ɗalibin da ya shiga ɗakin jarrabawa a Samaru yana murmushi, biro a bayan kunne, alhali ya kwana yana karatu, shi ne "nonchalant". Sau da yawa ma yabo ce. Takan ɗauki ma'anar halin ko-in-kula, gaskiya ne, amma a kan yadda mutum ya nuna kansa take magana, ko da a ciki yana cike da fargaba.

Wanda ya bar risho a kunne ya tafi kasuwar Sabon Gari, "careless" ne. In sakacin ya jawo wa wani asara, sai a ce "negligent", kuma ɗaliban lauya a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello sun san nauyinta, domin a kanta kotu ke sa a biya diyya.