Azurfar da na'ura ta gano a Birtaniya, ta wa ce?

Magana biyu ke yawo tsakanin masu sha'awar na'urar gano ƙarfe, kuma dukansu suna buƙatar gyara. Wasu na cewa a Birtaniya duk azurfar da ka tono hukuma za ta ƙwace, a kuma ɗaure ka. Wasu na cewa in dai ɗanyar azurfa ce, wadda ta fito a jikin dutse maƙeri bai taɓa ta ba, to tsuntuwa ce, ka narka ka yi zobe abinka.

Dokar da masu tsoron ke nufi ita ce ta binnanniyar dukiya ta 1996, wadda ta fara aiki a 1997 a Ingila da Wels da Ireland ta Arewa. Sikotilan tana da nata tsarin daban. Abin da dokar ta fi shafa shi ne kayan da ɗan Adam ya ƙera, suka kai shekara 300, kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 na nauyinsu zinariya ce ko azurfa. In sulalla ne, sai sun kai biyu a wuri guda. A 2023 an ƙara kayan ƙarfe masu shekara 200 da ke da muhimmanci na musamman ga tarihi.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne wa'adin kwana 14. Dole ka sanar da jami'in binciken musabbabin mutuwa na yankin (shi doka ta ɗora wa wannan aiki, duk da abin yana ba da mamaki) cikin kwana 14. Lissafin yana farawa daga washegarin ranar da ka tsinci abin, ko kuma daga ranar da ka samu dalilin zaton yana cikin kayan da doka ta lissafa. Wanda ya ajiye wani baƙin dunƙule wata shida bai san ko mene ne ba, sai da ya wanke ya ga azurfa, daga ranar wankin wa'adinsa zai soma. Wanda ya sani ya yi shiru shi ke fuskantar ɗaurin wata 3 ko tara ko duka biyun.

To ina aka samo labarin ɗaurin shekaru? Daga shari'ar wasu mutum biyu ne da suka tono tsohuwar dukiya kusa da garin Leominster na Ingila a 2015, suka ɓoye, suka riƙa sayarwa a asirce. A 2019 aka ɗaure su da laifin sata da ɓoye kayan. Wanda ya bi hanya kuwa lada yake samu idan gidan adana kayan tarihi ya karɓi kayan. Dukiyar da wani mai na'ura ya tono a wata gona a yankin Staffordshire na Ingila a 2009 an yi mata kuɗi fam miliyan 3.285, aka raba daidai tsakanin mai na'urar da mai gonar. Ni dai ban ga ƙwace a nan ba.

Ɗanyar azurfa kuwa, dokar 1996 ta cire ta ƙarara: ma'adinin da aka haƙo daga inda aka halicce shi ba ya cikin lissafinta. Masu cewa tsuntuwa ce a nan suke tsayar da karatu, alhali akwai wata ƙa'idar da ta girme wannan nesa ba kusa ba. A 1568, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, alƙalai suka yanke cewa zinariya da azurfar da ke cikin ƙasa mallakar masarauta ce, ko a filin wa suke. Dokokin 1688 da 1693 sun sassauta kan mahaƙar tagulla da kuza da ƙarfe da dalma, amma zinariya da azurfa suna nan a hannun masarauta har gobe. Hukumar kula da kadarorin masarauta ce ke da ikon ba da izini.

Ma'ana, amincewar mai gona tana ba ka damar shiga da na'ura ne kawai, wadda dama wajibi ce, amma ba zai iya kyautar maka da azurfar da shi ma ba tasa ba ce. A wuraren tarihi da doka ta killace ma, ko kunna na'urar ba tare da rubutaccen izini ba laifi ne ƙarƙashin dokar 1979.

Wannan ɓangaren ne ya ɗan tsaya mini a rai. Mai tsintar tsohon zobe yana da hanyar lada a fili, mai tsintar ɗanyar azurfa a dutse ba shi da irinta. Hujjar alƙalan 1568 ita ce mafi darajar ƙarafa ya dace da mafi darajar mutane, wato sarki, kuma da su ake buga kuɗi a kare ƙasa. Birtaniya ta daina sa azurfa a sulallan hada-hadarta tun 1947.