Waiwaye: Tarihin maza a cikin kiromosom Y

A 1905 ne Nettie Stevens, wata masaniyar halittu ’yar Amurka, ta lura da wani ɗan ƙaramin kiromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, a jikin ƙwaro wanda namiji kaɗai ke da shi. Shi ne ake kira Y. Sai a 1990 aka gano ƙwayar gadon SRY da ke cikinsa, wadda ke sa tayi ya zama namiji.

Masu bin diddigin tarihi kuwa, yadda ake gadonsa ne ya ja hankalinsu. Sauran kiromosom sukan cakuɗa na uwa da na uba kafin su isa ga ’ya’ya. Shi ko Y, mafi yawansa ɗa yakan karɓe shi daga uba yadda yake, in ban da ɗan sauyin da kan auku jefi-jefi. Da zarar sauyin ya auku, duk namijin da ya fito daga tsatson nan zai ɗauke shi, kamar shaidar da ake yi wa dabbobin garke. Da waɗannan alamomi masana suka tsara bishiyar zuriyar maza a 2002, suka ba manyan rassanta haruffa daga A zuwa R. Saiwarta a Afirka take.

A 2013 gwajin wani Ba’amurke baƙar fata ya fito da reshen da ya girmi duk waɗanda aka sani, aka sa masa suna A00, aka kuma same shi a ƙabilar Mbo ta Kamaru. Wannan ya mayar da kakan da duk maza suka haɗa baya zuwa fiye da shekara 200,000 da suka wuce.

A ganina, wani bincike na 2015 ne ya fi girgiza zuciya. Ya nuna cewa shekara 5,000 zuwa 7,000 da suka wuce, layukan maza sun ƙanƙance ƙwarai a Turai da Asiya da Afirka, alhali na mata, da ake bi ta wajen uwa, ba su ragu haka ba. Tsatso bayan tsatso ya ɓace ba magaji. A 2018 masu bincike a Jami’ar Stanford suka ɗora alhakin a kan yaƙe-yaƙe tsakanin dangogin da ke lissafin asali ta wajen uba, domin in aka murƙushe dangi ɗaya, alamarsu ta tafi baki ɗaya. A 2024 wasu masana a Faransa suka nuna cewa ko babu zubar da jini, rarrabuwar irin waɗannan dangogi da bunƙasar wasu fiye da wasu ta isa ta haifar da hakan.