Shuɗin allo da yawan mutuwar laftof

Shuɗin allo shi ne saƙon da babbar manhajar Windows take nunawa idan ta ci karo da kuskuren da ba za ta iya ci gaba da aiki da shi ba. Kwamfuta takan tsaya cak, ta rubuta sunan kuskuren, sannan ta sake kunna kanta. Su ma macOS da Linux suna da irin wannan tsayawa. Idan abin ya faru sau ɗaya, ba lallai ne a tayar da hankali ba. Amma laftof ɗin da ta mayar da shi ɗabi'a, to akwai cuta a jikinta, kuma galibi ana iya gano ta.

Wannan tsayawar da gangan ce. Da zarar zuciyar babbar manhaja ta lura cewa bayanan da take dogaro da su sun gurɓata, sai ta gwammace ta dakatar da komai, don kada ta ci gaba da rubuta shirme a kan fayilolin mai ita. Kafin ta mutu takan bar shaida, kuma a kan wannan shaidar ake gina duk wani gyara na hankali.

Tarihi

Shuɗin allo a siffar da aka san shi ya zo ne da Windows NT 3.1 a 1993. Windows 8 ta ƙara masa hoton fuska mai baƙin ciki a 2012, Windows 10 kuma ta sa masa lambar QR a 2016. A 2025 Microsoft ta mayar da launinsa baƙi a Windows 11. Mafi girman ɓarnar da aka gani ita ce ta ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kusan miliyan 8.5, har jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani.

Musabbabi

Babban mai laifi shi ne direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa babbar manhaja da wani sashe na na'ura, kamar katin hoto ko na Wi-Fi. Direba yana aiki ne a can cikin zuciyar tsarin, inda kuskure ɗaya ke iya kayar da gidan baki ɗaya. A nazarin da Microsoft ta yi, kusan kashi 70 cikin 100 na irin wannan tsayawa daga direbobin wasu kamfanoni suke fitowa, kashi 10 kuma daga kayan ƙarfe, wato sassan jikin na'urar.

Laftof tana da nata ciwon na musamman, shi ne zafi. Jikinta a matse yake, fankarta ƙarama, ƙura kuma kan toshe hanyar iska a hankali. Man da ake shafawa tsakanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ƙarfen sanyaya shi yana bushewa da shekaru. Furosesoshi da yawa suna rage gudu idan zafinsu ya kusanci digiri 100 a ma'aunin Salsiyas, in ya ƙi sauka sai na'urar ta kashe kanta. Irin wannan mutuwar galibi ba ta zuwa da shuɗin allo, ɗif kawai za a ji. Ɗora laftof a kan katifa ko bargo yana ƙara wa ciwon gishiri.

Sai RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) mai rauni ko wanda bai zauna daidai a gurbinsa ba, da rumbun ajiya da ya fara gajiya, da caja da ba ta ba da wutar da ake buƙata. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai ba abin jinkiri ba ne, a daina amfani da na'urar sai an canza shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Yadda ake bin sawu

Abu na farko shi ne kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri tun na'urar tana numfashi. Bayan nan sai a rubuta sunan kuskuren da ya bayyana, domin kowane suna yana nuni ga wani ɓangare. MEMORY_MANAGEMENT yakan sa a zargi RAM. VIDEO_TDR_FAILURE na nufin katin hoto ya daina amsawa kuma Windows ta kasa farfaɗo da shi. INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE na nuna an kasa kaiwa ga rumbun da ake tashi daga kansa, WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuwa yawanci kayan ƙarfe ne ko zafi. Idan sunan yana canzawa a kowace faɗuwa, ma'abota gyara sukan fara da gwada RAM.

Windows takan ajiye taƙaitaccen rahoton faɗuwar da ta zo da shuɗin allo a jakar C:\Windows\Minidump. Ana buɗe shi da manhajar WinDbg, a ba ta umarnin !analyze -v, sau da yawa ta fito da sunan direban da ake zargi. A kula, wanda aka ambata ba kullum shi ne mai laifi ba, wani lokaci shi ne kawai aka samu a wurin. Haka nan saƙon Kernel-Power mai lamba 41 da ke cikin Event Viewer, manhajar da ke nuna tarihin abubuwan da suka faru a Windows, yana ruɗar mutane: abin da yake faɗa kawai shi ne na'urar ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, bai faɗi dalili ba.

Tambaya mafi amfani ita ce: me ya canza kafin ciwon ya fara? Sabon direba, sabuwar manhajar kashe bairos, ko ƙarin RAM? Sai a janye shi a gani. Tayar da kwamfuta a yanayin Safe Mode, inda direbobi kaɗan ne ke aiki, yana raba gardama: in ta zauna lafiya a can, zargi ya koma kan manhaja, in ta ci gaba da faɗuwa, ya karkata ga ƙarfe. Ana gwada RAM da Windows Memory Diagnostic ko MemTest86, kuma gara a bar gwajin ya yi zagaye da yawa. Umarnin sfc /scannow yana gyara fayilolin tsarin da suka lalace, chkdsk kuma yana duba rumbu.

Ya kamata a riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya sabunta direbobi biyar, ya cire RAM, ya share ƙura duk a zama ɗaya, ko ta warke bai san me ya warkar da ita ba. Gaggawar yin fomat ma kuskure ce da ta yaɗu, domin tana shafe rahotannin da za a karanta, kuma ba ta maganin zafi ko RAM mai rauni. Amfaninta yana zuwa ne a ƙarshe: laftof ɗin da aka sa wa sabuwar Windows tsaf amma ta ci gaba da mutuwa, galibi ciwonta a ƙarfe yake, sai a kai ta wurin mai gyara ko a nemi haƙƙin garanti idan wa'adinsa bai ƙare ba.