Shin amalanken jaki ma sai an yi masa asuransi?

Kwanan nan magana ta yi ta yawo a Kasuwar Dole da tashoshin Damagaram, wai duk abin da ke da taya sai an yanka masa asuransi, har amalanke da kurar 'yan ga-ruwa. 'Yan kabu-kabu kuma na cewa su babu ruwansu, ai babur ba mota ba ne. Duka biyun kuskure ne.

Nijar na bin dokar inshora (wato asuransi) ta CIMA, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai kula da harkar inshora, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Aya ta 200 ta dokar, wadda ta wajabta yin asuransi, ba ta ce "mota" ba. Cewa ta yi abin hawa mai tafiya a ƙasa da ƙarfin inji. Ke nan babur, adaidaita sahu, kamiyo da tarakta duk sun shiga. Jaki, saniya da keke ba su da inji, ba su ciki.

Inda ake rikicewa shi ne aya ta 202, mai bayanin tirela. Tirela a bakin doka ba sai doguwar nan mai ɗaukar siminti ba. Abin da aka ƙera domin a ɗaura shi bayan mai inji ya ɗauki mutane ko kaya, tirela ne. Haka kuma duk wata na'urar da aka ɗaura wa mai inji. Amalanken da shanu ke ja daga gona yana nan a matsayin amalanke. Ranar da ka kwance shanun ka ɗaure shi a bayan tarakta, ya canza suna a idon doka, ko da katakon da tayoyin ba su canza ba. In ya ɓalle ya buge wani, tambayar farko ita ce ko mai asuransinka ya san da shi.

Jirgin ƙasa yana da inji, a ƙasa yake tafiya, amma aya ta 203 ta cire shi. Mu dai ko layin dogo ba mu da shi a nan, na Yamai zuwa Doso ma zaune yake.

Abin da ke ɗan tsaya mini a rai, ayar nan ta 200 ta cire gwamnati daga wajibcin. Wannan ba ya nufin motar hukuma in ta buge ka babu diyya, gwamnatin ce da kanta za a bi. Sai dai ɗan kabu-kabu ake tsayarwa a shingen jandarma a nemi takardarsa.