Wai ɗan gudun hijira zai iya aiki a ƙasar da ta karɓe shi?

Shekaranjiya a teburin mai shayi a Pantami gardama ta kaure, wani mai shagon ɗinki ne yake so ya ɗauki wani yaro da ya gudo daga Kamaru amma yana tsoron kar 'yan imigireshan su zo su sa shi a uku, sai wani ya ce haba Alhaji ai ba komai, ga 'yan Gwoza nan cike da Gombe kowa na sana'arsa wa ya taɓa su? To nan fa aka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba.

Ɗan Gwoza ko ɗan Bama da Boko Haram ta koro, mu dai ɗan gudun hijira muke ce masa amma a doka ɗan ƙasa ne cikakke, sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi damar zama duk inda ya ga dama. Wanda ake magana a kansa shi ne wanda ya ƙetare boda, kamar namu da ke sansanin Minawao a Kamaru, ko 'yan Kamarun da rikici ya turo Taraba da Binuwai da Kuros Riba tun 2017.

Dokar su kuwa ita ce yarjejeniyar Janiba ta 1951, Najeriya ta shiga a 1967. Sashe na 17 ya ce a bar shi ya yi aikin albashi, amma fa a lura, bai ce daidai da ɗan ƙasa ba, cewa ya yi a ba shi irin gatan da ake ba baƙon da aka fi fifitawa. Idan kuma gwamnati ta sa wa baƙi takunkumi don ta kare wa 'yan ƙasa guraben aiki, takunkumin ba zai hau kansa ba in ya shekara 3 a ƙasar, ko matarsa 'yar ƙasar ce, ko yana da ɗa ɗan ƙasar. Sashe na 18 na masu sana'ar kansu ne, noma da kasuwanci da aikin hannu.

Wanda ni ya fi burge ni shi ne na 24, don nan ne mutanenmu suke cin amana. Kuɗin aiki da awannin aiki da diyya in an ji rauni, daidai yake da ɗan ƙasa. Wato ba ka da hurumin biyansa rabi wai don ba shi da kowa.

A takarda ke nan. A aikace ƙasashe da dama sun sa hannu amma suka ce sashe na 17 ɗin nan da sharaɗi suka karɓe shi. Yuganda ta yi ƙoƙari, dokarta ta 2006 ta ba su damar aiki, har fili ake yanka musu su noma. Ingila kam mai neman mafaka, wato wanda ba a riga an amince da shi a matsayin ɗan gudun hijira ba, sai ya haura wata 12 yana jiran hukunci kafin ma ya nemi izini, shi ma wasu ayyuka ƙalilan. Saudiyya ba ta ma shiga yarjejeniyar ba.

Duk wannan gata sai ga wanda zamansa ke kan ƙa'ida, a nan gida kuma hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa (NCFRMI) ce tare da takwararta ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNHCR) suke yin rajista su ba da kati. Shi ya sa na ce wa Alhajin ya fara tambayar yaron katinsa, in yana da shi ya ba shi keke ya hau ɗinki.